Shimfiɗar Inna

Gidan Sori, bayan girbi, 1992

Zuwa ga ɗiyata Rukaiya, malamar lakol, makarantar boko, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa daga ubanki Dogo. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Hafizu da yara. Salisu mai tebur ke rubutawa, na kuma ce mishi ya sa maganata yadda ta fito, kada ya gyara mini baki.

Mu dai alhamdu lillahi. Hatsi ya shiga rumbu, wake ne ƙwari suka rage mana. Innarki tana nan yadda kika baro ta. Ɓarin hagu bai motsi, maganarta kuwa sai mai haƙuri ke ganewa. Tana shan fura, tana taɓa tuwo in miya ta yi yawa. Barira matar maƙwabcinmu Iro ke zuwa ta yi mata wanka, amma juyi ni ke yi da hannuna.

Katifar soso da kuka aiko ta iso. Direba ya sauke ta a bakin kasuwa, gari ya taru yana latsawa, babu ko 'yar takarda mai cewa, "Baba, kana so?" To, na shimfiɗa mata. Ba a jima ba na ɗaga ta na tarar bayanta ya jiƙe sharkaf. Soso zafi gare shi, kuma abin da ya shiga cikinsa ba ya fita, kin gane abin da nake nufi. Yanzu katifar tana jingine a zaure, akuya ta fara cin gefenta. Ki ce wa Hafizu na gode. Ki kuma ce mishi ban manta ba ranar da ya leƙo ɗakin ɗinkina ya ce, "Baba, wannan tarin tsummoki fa?" Da tsummokin nan aka ciyar da matarsa har ta girma.

Ga abin da ya sa na kira Salisu. Kin san tsohon keken ɗinkina. A ƙarƙashin allura akwai wasu haƙora masu jan ƙyalle gaba, su ke sa ɗinki ya tafi miƙe. To, sun cinye, ɗaya ma ya karye, keke ya bar ja. Na yi niyyar kai shi Gidan Rumji gyara, sai rannan haushi ya sa na kama ƙyallen da hannu biyu na ja shi da kaina. Rukaiya, sai ga ɗinki yana bina. Na yi dama ya yi dama, na koma baya ya koma, na kewaya ya kewayo. Tun kafin a haife ki keken nan ke nuna mini hanya, ashe ni ya kamata in nuna mishi. Har ƙarfen da ke danne ƙyalle na kwance na aje. Allura ta huda mini yatsa, ba komai.

Na shimfiɗa ƙyalle, na baza auduga, na rufe da wani ƙyallen, na shiga gwaji. Inda ɗinki ya matsu, wurin sai ya kwanta ya yi tauri kamar faifai. Inda na bar fili, sai ya taso ya yi laushi. Na yi mai kunya-kunya irin ta gona, na yi mai kewaye, na yi mai kama da sawun maciji a rairayi. Mai kunya bai yi ba, in an wanke auduga gudu take ta taru a kwari ɗaya. Ina nan a kai.

Ki shafa mini kan yara.

Ubanki,
Dogo

*

Yamai, Disamba 1992

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna da jiki. Allah ya ba ta sauƙi, ya ba ka ladan jinya. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi tari, ya kuwa warke.

Takardarka ta same ni. Na karanta na sake karantawa ina neman Inna a ciki, ɗan abin da na samu bai cika tafin hannu ba. Sauran duk keke ne da auduga da sawun maciji. Baba, ka yi mini afuwa, amma na yi kuka. Mahaifiyata na kwance, kai kuma kana wasa da allura.

Kawu Garba ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direba. Ya ce miki ya fito wa Inna a kwankwaso, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, kuma yana ruwa. Me ya sa ban ji wannan daga bakinka ba? Na tambayi wata maƙwabciyata mai aikin asibiti, ta ce irin wannan mikin na kwanciya ne, in ya yi zurfi har ƙashi yake kaiwa, kuma shi kan kashe mutum, ba ciwon farko ba.

Ka bar ni in zo in ɗauko ta. Mun share mata ɗaki, asibiti kuma ba nisa. Malamai muna yajin aiki, ina gida wuni guda, ba abin da zai raba ni da gefenta. Ba ƙwace maka ita zan yi ba, Baba. Ka tsufa, ɗaga mutum ba aikin bayanka ba ne yanzu.

Hafizu ya ce in ba ka haƙuri kan maganar tsummoki, ya ce shi ya ma manta ya faɗa. Na ce masa wannan kada ya sa a cikin ban haƙuri, amma ga shi na rubuta, don ka san da zuciya ɗaya ya aiko katifar.

Ina jiran amsarka.

'Yarka,
Rukaiya

*

Gidan Sori, tsakiyar sanyi, 1993

Rukaiya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Innarki ta ci ɗanwake jiya, har ta nemi ƙari.

Salisu ya karanta mini takardarki, na sa ya maimaita inda kika ce wasa. Wasa! Ke da aka kai lakol, ashe ana iya karanta takarda a kasa ganin abin da ke cikinta. Wa kike tsammani nake ɗinka wa? Akuya?

Miki akwai shi. Ban gaya miki ba don na san abin da za ki ce, ga shi kuwa kin faɗa. Shi Garba da ya iya aike, sau nawa ya ɗaga ƙanwarsa? Yakan tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ya jiki?" hannunsa a baya, ya wuce wurin taron jam'iyya. Tun rabon gonar fadama mutumin nan ke neman inda zai nuna ban iya riƙon gida ba. Salisu, rubuta haka, kada ka rage.

Saurara in gaya miki. Kafin in sayi keke, akumari nake ɗinkawa da basilla, shimfiɗar da ake sa wa jaki a baya kafin kaya. Daga nan har Sae Sabuwa, duk mai jakin da ya yi miki wurina yake zuwa. Dabarar guda ce: ka tada shimfiɗa kewaye da mikin, ka bar rami a tsakiya, kaya ya zauna a gefe, miki ya sha iska. Da hannu ba ka iya yin wannan da laushin da jikin mutum zai ɗauka. Yanzu da keke ke bin hannuna, na iya. Na auna daidai inda kwankwasonta ke sauka, na matse ɗinki a wurin ya kwanta, na kewaye shi da tudu mai kauri kamar gammo. Daga nan na bi da ɗinki mai zagaye yana buɗewa har bakin shimfiɗa. Da kin gani, kamar an jefa dutse a tafki.

Ƙyalle kuwa ban saya ba. Yanzu kowane mako sai mota ta shigo da lasifika, a raba zane mai hoton ɗan takara. Na waccan jam'iyya na karɓa, na wagga ma na karɓa. Masu cewa da wa nake, na ce ina tare da wanda zanensa bai zuba in an wanke. Garba ya shigo ya ga fuskar mutuminsu a ƙarƙashin ƙanwarsa, ya ce, "Dogo, wulaƙancin har ya kai haka?" Na ce, "Ai tun da ya fito takara bai yi aikin da ya kai wanga amfani ba." Innarki ta yi dariya da rabin baki har hawaye.

Ba za ta Yamai ba. Garin da ba ta jin yarensu, wa zai gane abin da take cewa, ita da ko Hausarta sai ni? In ta ɗaga gira ɗaya na san ruwa take so. Ke kin san wannan?

Amma don kada ki ce na hana ki uwarki, ga magana. Ki ba ni zuwa ƙaramar Salla. In miki bai rufe ba ranar idi, ki zo da motarki, ba zan tsaya a ƙofa ba. Salisu shaida ne.

Dogo

*

Gidan Sori, cikin azumi

Rukaiya,

Ina gaishe ki da ibada. Shiru ban ji daga gare ki ba. In fushi ne, ki yi abinki, ni ma na iya. Amma akwai maganar da ba zan bari Garba ya riga ni ba.

Gammon nan bai yi ba. Mikin kansa ya ɗan bushe daga sama, na yi murna, har na gaya wa mutane a masallaci. Sai Barira ta kira ni wajen wanka ta ce, "Baba Dogo, zo ka ga wani abu." Na tarar da jan zobe ya kewaye mikin, daidai inda tudun ke tokare ta, fata ta yi duhu, wani wurin har ta fara saluɓewa. Jaki ana sauke mishi kaya da yamma ya yi birgima. Ita ba mai sauke mata nauyin jikinta. Wannan ne ban lissafa ba.

Na ɗauko likita daga Gidan Rumji a bayan babur. Ya wanke, ya sa magani, ya ce a riƙa juya ta akai-akai, kuma kada wani wuri ya fi wani tudu a abin da take kwance a kai. Ya ce mikin yana da rami ta ciki wanda ido bai gani. Na ce na ji.

Ran nan ban yi buɗa-baki da kowa ba. Na farke shimfiɗar gaba ɗaya, na zubar da audugar. Na aika Cadakori ranar kasuwa aka sawo mini audugar rimi, ita ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma dunƙulewa kamar ta gona. Sai dai santsi gare ta, tana tserewa daga ƙarƙashin allura, dole ɗinki ya tsare ta ta kowane gefe ba tare da ya danne ta ba. Na gwada mai gida-gida, ya yi tauri a mahaɗa. Duk inda zare ya hau kan zare, ƙulli ne, kuma ƙulli a jikinta miki ne. Na gwada mai ganye, ya yi kyau a ido, na kwanta a kai da kaina na ji jijiyar ganyen a haƙarƙarina, na farke.

Wanda na tsaya a kai yanzu, zare ɗaya ne tun daga wancan baki har wanga. Yana lanƙwasa, ya dawo, ya ratsa tsakani, kamar hanyar gara a jikin bango, amma ko sau ɗaya bai taka kansa ba. Tsakanin layi da layi faɗin yatsa biyu, ko'ina daidai. In ka shafa sai ka ji ƙananan tudu ba iyaka, ba wanda ya fi wani, iska kuma na bi ta kwarin. Idona na ruwa in na daɗe, ƙafa kuma tana kumbura da taka keke, sai in ɗaure ta in ci gaba.

Jan zoben ya fara bajewa. Mikin tsakiya yana nan. Salla da saura, ban sallama ba.

Dogo

Hajiya Rukaiya, ni ne Salisu. Bai san na ƙara wannan ba. Tsoho ya rame ƙwarai. Jiya wajen juya Inna ya faɗi a kan gwiwa, sai da aka kira Iro.

*

Yamai, ƙarshen azumi

Baba,

Barka da shan ruwa. Wallahi ba fushi na yi ba. Ma'aikatan gidan waya ma sun shiga yajin aiki, takardunka biyu rana ɗaya suka iso, ta sanyi da ta azumi.

Da na karanta ta farko na tashi tsaye, na ce wa Hafizu, "Ka ji Baba ya mai da uwata jaka." Na ɗauko biro zan rubuta maka abin da zan yi nadama. Sai ya ce in buɗe ta biyun tukuna. Na buɗe. Ban rubuta waccan ba.

Na janye kalmar wasa, ka yafe mini. Amma ramin da likita ya ce ido bai gani, shi ke hana ni barci. Kai ka yanka wa'adin Salla, ba ni ba. Zan zo kashegarin idi. In ya rufe, in gaishe ku in ci tuwon Salla in koma. In bai rufe ba, Baba, kada ka sa in roƙe ka a gaban mutane.

Rukaiya

*

Yamai, Afrilu 1993

Baba,

Ina gaishe ka, ina tambayar ƙafarka. Tun da Salla ta zo miki bai rufe ba muka taso da Inna, ba ka aiko ko da gaisuwa ba. Ranar ma ba ka fito ba. Ka naɗe shimfiɗar ka ba Iro ya sa a mota, ka shige ɗakin ɗinki ka ja ƙofa. Inna ta yi ta juya ido wajen ƙofar har muka fita gari. Ban ce ka yi laifi ba, ka cika alkawari.

An kwantar da ita asibiti, an buɗe mikin an kwashe abin da ya mutu a ciki. Ya yi zurfi, amma bai kai ƙashi ba. Yanzu muna gida, ana zuwa wanki. Sun ce zai cike, sai dai a hankali, wata da watanni.

Ga damuwata. Shimfiɗarka ɗaya ce, kuma dole a wanke ta kusan kullum. In tana kan igiya, sai mu sa Inna a katifa, ga zafin Yamai, kafin la'asar bayanta ya yi ja. Na kai wa teloli biyu su yi mini irinta. Na farko ya juya ta ya ce wannan ba aikin keke ba ne. Na biyu ya karɓa, ya kawo mini abu mai layi-layi kamar tabarma, rimin duk ya gudu gefe.

Kuma ba ta ci. In na kawo fura sai ta kau da kai. Tana faɗin wani abu, ta maimaita, ta maimaita, ni kuma ban gane ba, sai ta gaji ta rufe ido. Na kawo ruwa, na kawo filo, na kira yara, ba shi ba ne. In an mai da ta kan shimfiɗarka, takan sa yatsan hannunta mai lafiya a kan zaren ta yi ta bin sa, ta lanƙwasa inda ya lanƙwasa, har barci ya ɗauke ta.

Ka ce mini ba zan gane ta ba, na ji haushi a lokacin. Ban iya ba, Baba. Ban kuma iya dawo da ita ba, mikin na buɗe. Ban san abin da zan roƙe ka ba, ga damina ta ƙarato, na san gona ba ta da kowa sai kai. Ko shimfiɗa ta biyu ce, in ƙafarka za ta bari, ka aiko.

'Yarka,
Rukaiya

*

Gidan Sori, kafin ruwan farko

Rukaiya,

Gaisuwa. Ƙafa da sauƙi.

Ba zan aiko da shimfiɗa ba. Tun da ba ta ci, ta rame ke nan, ƙasusuwa sun ƙara fitowa, awon da na yi da azumi ya tashi aiki. Faɗin yatsa biyu ya yi mata yawa yanzu, ko kuwa ya yi kaɗan, ban sani ba sai na taɓa. Ba a ɗinka wa mutum daga nesa.

Na kwance kan keke daga ƙafafunsa, na naɗe shi a buhu. Ƙafafun ma suna tafe, Iro ya ɗaure su. Rimi buhu biyu. Direban da ya kawo katifarku ya ce zai ɗauke ni ranar kasuwa mai zuwa zuwa bakin kwalta, daga nan in hau babbar mota. Ban taɓa wuce Konni ba, sai ki sa a tsaya mini a tasha. Dogo ne mai sanda, ba za a rasa ni ba.

Gona na ba Garba ya shuka bana. Na je gidansa da ƙafata, na yi sallama, na faɗa mishi a tsaye. Ya buɗe baki zai yi jawabi, na ce, "Ban zo shiri ba, iri na cikin rumbu na gabas, in ka shuka mini wake a fadama sai mun haɗu gaban alƙali." Ya ce in zauna in sha ruwa. Na sha, don ana zafi. Kada ki ɗauka wani abu ne.

Ki gaya wa Hafizu ina son wuri kusa da taga, inda haske ke shiga da hantsi, kuma inda za ta riƙa ganina daga kwance. Tsummoki za su taru a falonsa, ya fara haƙuri tun yanzu. Ba zan ci abincin Zabarmawa ba, a nemo gero.

Abin da take maimaitawa, ki duba ko tana taɓa kunnenta in tana faɗa. In haka ne, ɗankwali take so a ɗaura mata, ba ta cin abinci da kai a buɗe, ko da wa ke ɗakin. In ba haka ba ne, ki bari sai na zo.

Wagga ta ƙarshe ki karanta mata ita a kunnen dama, da ƙarfi, yadda na faɗa. Ke, ina nan tafe. Ki buɗe baki ki sha furar nan. Ba zan bar gonata a hannun wanki Garba in yi tafiyar wuni da kwana don in zo in tarar da ƙashi ba.

Dogo